Nama Mai Rai Ba Ya Wari

"Nama mai rai ba ya wari."

Salbiah tana ƙarama ta ji wannan magana, tana laɓe a bayan tankin ruwan sama. Kakarta, Nek, ce ta faɗa wa wata maƙwabciya, suna zaune a bayan gida suna kankarar kwakwa. Hirar zamanin baya suke yi, kafin firji ya zo tsibirinsu na Pulu Selma, kafin gwamnati ta hana kamun tsuntsayen teku, lokacin da maza kan tafi tsibirin arewa a kwale-kwale su dawo da shi maƙil da tsuntsaye. Hanya da nisa, rana da zafi. In aka yanka su a can, kafin a iso gida sun yi ɗoyi.

"To sai a murɗe fiffike," in ji Nek, tana dariya. "Kaɗan fa, nan wajen gaɓa. Yana ci, yana sha, yana 'yan tsalle-tsallensa, amma teku ya fi ƙarfinsa. Sai ranar da tukunya ta kira shi. Kuma duk cikin 'ya'yana babu mai hannu irin na uban Salbiah. Tsuntsu ba ya ma sanin an taɓa shi sai ya zo tashi."

Suka tuntsire da dariya. Salbiah ba ta yi ba. Ranar nan, da aka zauna cin abinci, hannuwan babanta ta dinga kallo, yadda yake zare ƙaya daga kifi a hankali yana tura mata tsokar. Ta girma, ta gama sakandare, ƙawayenta suka tafi birnin Perth da ke babbar ƙasa ita ta zauna, amma maganar nan tana nan maƙale mata kamar ƙaya a maƙogwaro.

Ita ce 'yar fari, ita ce kuma jikar fari, don haka da sunanta ake kiran gidan kaf: babanta Pak Salbiah, mamarta Mak Salbiah, kakarta Nek Salbiah. Sunan yana yawo a bakin kowa daga masallaci har bakin gada inda jiragen ruwa ke tsayawa, mai sunan kuwa in ta yi magana sau biyu a yini an ci riba. Wak Dolah, aminin babanta, kullum sai ya tsokane ta.

"Yarinyar nan ta rarraba sunanta ga kowa, ba ta rage wa kanta na amsa sallama ba. Salbiah! Kina ciki, ko jikin ne kawai aka bar mana?"

Sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Duk ƙarshen shekara, in iskar arewa ta taso da ruwa, takan kwaso tsuntsayen da suka ɓace hanya ta watso su kan tsibiran. Bayansu kuma sai Turawa masu bin tsuntsaye su biyo daga babbar ƙasa, da madubin hangen nesa rataye a wuya, kowa na son ya ce ya ga abin da wani bai gani ba. Pak ne ke yawo da su a kwale-kwalensa shekara da shekaru. Sai ga wani saurayi a Pulu Panjang, tsibirin da ke tsallake, ya sayi jirgi mai rumfa da inji biyu, ya kwashe baƙin duka. Kwale-kwalen Pak ya zauna a kan yashi har ciyawa ta fara tsirowa a gindinsa. Shi ma ya zauna. Ya daina zuwa hirar bakin gada, ya daina zare wa kowa ƙaya.

A irin wannan lokaci ne, bayan wata iska da ta kwana tana kaɗa rufin gidaje, Salbiah ta tafi tsintar kwakwa a bayan maƙabarta, ta ga wata baƙuwar tsuntsuwa. Tana zaune a kan wani ruɓaɓɓen turke kusa da tsohuwar rumfar shanya kwakwa, gashinta a jiƙe, idonta a rabin rufe. Kanta da ƙirjinta shuɗi ne irin na ruwan tafki da hantsi, bayanta kuma ja-ja kamar ɓawon busasshiyar kwakwa. Salbiah ta san duk abin da ke tashi a tsibiran nan, ba ta taɓa ganin wannan ba. Ta koma gida ta buɗe littafin tsuntsayen Pak a ɓoye. Tsanwaka ce. Afirka ta nufa, iska ta yi gabas da ita.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta samo gwangwanin madara, ta huhhuda murfin da ƙusa, ta cika shi da fara da kyankyasai. Da farko sai ta zube su a ƙasa ta ja da baya. Daga baya ta lura in ta kaɗa gwangwanin, ƙwarin suka yi kwaras-kwaras a ciki, tsanwakar na juyo da kai. Kwana kaɗan sai ga ta tana saukowa da jin ƙarar. Wata safiya kuwa ta dira a kan yatsun Salbiah, ƙafafunta da ɗumi, ta fizge fara ta haɗiye, ta zauna tana kallonta da ido ɗaya.

"Ke ma ba kya son magana, ko?" in ji Salbiah. Daga nan bakinta ya buɗe. Abin da ba ta faɗa wa mutane a wata, takan faɗa wa tsuntsuwar nan kafin rana ta yi zafi.

Ƙirjin tsanwakar ya cika. Gashinta ya yi sheƙi. Ta fara tashi sama, ta wuce kan itatuwan kwakwa, ta yi kewaye tana fuskantar yamma, sannan ta dawo. Salbiah ta san tafiya ta kusa. Iskar kudu maso gabas kawai take jira. Abin yana mata daɗi, yana kuma sosa mata rai, kamar mai shirya wa ƙanwarta kayan tafiya.

Da ma a ce ta yi shiru.

Wata rana da la'asar Wak Dolah ya leƙo gidan, ya tarar da Pak zaune yana kallon bango.

"Pak Salbiah, na ga kaza ta yi ƙwai a kwale-kwalenka. In ta ƙyanƙyashe sai ka kira Turawa su zo su ɗauki hoto, ka ce daga Japan iska ta kawo ta."

Pak ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Wannan murmushin ne ya karya zuciyar Salbiah. Da Wak Dolah ya fita, ta zo ta durƙusa a gefensa.

"Pak, akwai wata baƙuwa a bayan maƙabarta."

Washegari ta kai shi. Da ya ɗora madubinsa a kan tsuntsuwar sai ya yi salati.

"La'ilaha illallahu. Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Wannan ba a taɓa ganinta a tsibiran nan ba. Ba a taɓa ba, Salbiah!"

Ya juyo ya dube ta, duban da rabonta da shi tun tana firamare. Don ta ƙara masa farin ciki sai ta ce ya ɗan ja baya, ta kaɗa gwangwanin. Tsanwakar ta sauko ta dira a hannunta.

"Haka take zuwa miki?" in ji Pak a hankali.

"Ba ni take bi ba. Ƙarar take bi."

Ya daɗe yana kallon gwangwanin.

Kafin azahar ya gama buga waya. Baƙi suka cika jirgin sama mai zuwa. Sai kuma hadari ya tsaya a hanya, aka ɗaga jirgin, aka sake ɗagawa. Kullum bayan sallar asuba Pak na tsaye a bakin teku yana kallon yadda ganyen kwakwa ke kaɗawa. Iskar ta fara juyawa kudu. Tsanwakar kuma kewayenta sai ƙara nisa yake yi, wani lokacin ta ɓace wa ido gaba ɗaya, sai can a ga ɗigon shuɗi yana dawowa.

"Ka sayar wa mutane abin da ke da fiffike," in ji Wak Dolah. "In suka sauka suka tarar da turke kawai, wallahi ni ban san ka ba. Sai dai ka shafa wa kanka shuɗi ka hau ka zauna."

Ana gobe jirgin zai zo, Pak ya ce Salbiah ta hau jirgin fito ta je Pulu Panjang ta sayo wa Mak albasa da shinkafa na baƙi.

"Ban ba ta abinci ba tukuna, Pak."

"Yini ɗaya ba zai kashe ta ba. Je ki sha iska, ke ma kullum a daji kamar kaguwa."

Bai taɓa aikenta can ba. Ta tafi.

Da ta dawo da yamma, gwangwanin yana inda take ajiye shi, a bayan tanki. Amma an danne murfin ƙam, ita kuwa kullum a ɗage take barinsa ta gefe ɗaya saboda farcenta. Ta ɗauka. Akwai ɗan warin man inji a jikinsa. Ta goge shi da gefen zaninta da sauri, kamar wadda ta ɗauki abin wani.

A bayan maƙabarta ta kaɗa shi. Kwaras-kwaras.

Tsanwakar ta yi wata irin ƙara mai kaushi, ta bar turken. Ba sama ta yi ba. Ƙasa-ƙasa ta bi, a karkace, ta faɗa kan wani reshe ta kusa zamewa. Da ta naɗe fikafikanta, na hagu bai koma daidai ba. Ya sauko kaɗan, kamar faɗin yatsa.

Salbiah ta zauna a kan yashi. Ta ce wa kanta kyanwa ce. Ta ce wa kanta wayar shinge ce. Ta ce ai tsuntsu kan bugi reshe. Ranar Pak ya ci shinkafa har da ƙari, ya tsokani Nek, ya zare ƙaya daga kifi ya tura wa Salbiah tsokar. Ta ci. Ba ta tambaye shi komai ba.

Baƙin suka zo. Suka jeru a bayan maƙabarta, matansu sun ɗaura zani kan gajerun wandunansu don girmama gari, kyamarori kamar tabarya suna ta ƙyas-ƙyas. Wani tsoho mai sanda ya sauke madubinsa yana share hawaye, ya ce shi kam yanzu ko mutuwa ta zo. Tsanwakar na tashi daga turke zuwa reshe, daga reshe zuwa turke, kowane tashi shuɗin fiffikenta ya buɗe su yi ajiyar zuciya tare.

Sai wata doguwar mata, Misis Hollis, wadda ita ce shugabar tafiyar, ta daɗe da ido a madubi, ta ce, "Fiffiken hagun nan fa?"

Su a dokarsu, tsuntsun da hannun mutum ya tsare ba ya shiga cikin waɗanda aka gani. Ko ka haye teku dominsa, kamar ka je kallon kaza ne a akurki.

"Tambayi 'yata," in ji Pak, ya dafa kafaɗar Salbiah ya turo ta gaba. "Ita ke lura da ita, kuma ta fi ni Turanci. Wannan ba ta iya ƙarya ba, maganar ma da ƙyar take yi."

Misis Hollis ta sunkuyo tana murmushi. "Ba wanda ya taɓa ta dai, ko, 'yar nan? Haka ta zo, ko?"

Salbiah ta ga idanu sun yi mata caa. Ta ga tsohon mai sanda, bakinsa a buɗe. Ta ji yatsun Pak a kafaɗarta, ba matsawa ya yi ba, a hankali ya ɗora su. Ta kuma gane, daga yadda matar ta jera tambayar, cewa amsa ɗaya kawai aka zo saye.

"Iska ce," in ji ta.

"Iska ce!" in ji Misis Hollis, ta juya tun kafin Salbiah ta rufe baki. "Wannan tafiya da ta yi, ai dole." Ba ta sake duban fiffiken ba.

Wani mai jan gemu ya ce wa na kusa da shi, "Ba za ta kai wata ba." Ɗayan ya ɗaga kafaɗa. "Mu dai mun gan ta da rai."

Suka kewaye Pak suna bubbuga bayansa. Pak Salbiah! Pak Salbiah! Sunanta ne ke tashi a bakinsu, har cikin maƙabarta. Wak Dolah ya zo da sabuwar hula yana gaya wa kowa shi ya san abokinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mak ta dafa shinkafa da kifi mai yaji, baƙi suka ci suna hawaye suna yabo.

Wani ayarin ya zo bayan wannan, wani ma ya biyo. Duk wanda ya sauka, kwale-kwalen Pak yake nema.

"Ki ci gaba da ba ta abinci," in ji shi. "Kar ta mutu mana da sauran baƙi a hanya."

Amma tsanwakar ba ta ƙara zuwa ga gwangwani ba. Da ta ji kwaras sai ta firgita ta afka cikin duhuwa. Salbiah ta koma zube ƙwarin a ƙasa ta tafi can nesa ta ɓuya, sai tsuntsuwar ta tabbata ba kowa sannan ta sauko. Salbiah ta daina yi mata magana. Me za ta ce?

Lokacin baƙi ya wuce. Iskar kudu ta zauna sosai, mai daɗi, irin wadda ke ɗaukar tsuntsu ta kai shi yamma ba wahala. Kowace safiya tsanwakar kan hau turkenta ta fuskanci teku, ta buɗe fikafikai, ta tashi. Ta wuce ciyawa, ta wuce yashi, sai ta karkace ta faɗi a bakin ruwa. Ta tashi da ƙafa ta dawo, tana jan fiffike, ta hau turken da ƙyar. Gobe ta sake. Gaɓar ta kumbura. Ƙirjin da Salbiah ta cika ya koma ƙashi.

"Pak, ba ta ci sosai yanzu."

"Wa?"

"Baƙuwar."

"Au, tana nan har yanzu?" Yana duba gwangwanayen fenti ne, bai ɗago ba.

Ranar da ba ta gan ta a kan turke ba, sai ta bi sawu a kan yashi. Ta same ta a gindin tarin ɓawon kwakwa. Kaguwoyi sun rufe ta, jajaye, masu goyon kwanso, suna hawa kan juna. Sun fara daga fiffiken da ya lalace. Salbiah ta dinga watsar da su da hannu da ƙafa, wasu sun ƙi saki sai da ta ɓamɓare su. Tsanwakar na da rai. Ido ɗaya ya tafi. Da ɗayan ta ga hannun da ke miƙowa, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta sari yatsan Salbiah har jini ya fito.

Salbiah ta naɗe ta a gefen mayafinta. Ta kai ta kusa da fuska. Babu wari ko kaɗan.

A hanya motsin ya tsaya.

Nek na zaune a ƙofar gida tana tsintar shinkafa. "Me kika ƙunso haka, uwar shiru?"

Salbiah ta buɗe mayafin. Nek ta ajiye faifai, ta karɓa, ta juya ta. Tsofaffin yatsunta suka bi fiffiken hagu suka tsaya a kan gaɓar, suka ɗan danna. Sai fuskarta ta saki da wani murmushi na uwa.

"Kai, hannun nan bai tsufa ba," in ji ta. Ta auna gawar a tafin hannu ta taɓe baki. "Sai dai wannan ko loma ba ta kai ba. Mu a zamaninmu abin da muka murɗe, cinye shi muke yi." Ta miƙa mata. "Je ki yar, kar ƙuda ya taru."

To, batun wanda ya murɗe fiffiken kam an amsa mata, ba tare da ta tambaya ba. Ai ta sani tun ranar. Ba ita ce tambayar da ke hana ta haɗiye abinci ba.

Ta zaga bayan tanki ta ɗauki gwangwanin. Ta gangara bakin teku.

Pak na durƙushe a gindin kwale-kwalensa yana shafa masa sabon fenti. Shuɗi ya zaɓa. Wak Dolah na zaune a kan kwakwa yana ba da shawarar da ba a nema ba.

"A'a, ga mai sunan gari! Yau kuma mu za a gaisar?"

Ba ta dube shi ba. Ta ajiye tsanwakar a kan allon kwale-kwalen, inda fentin bai kai ba. Pak ya dubi gawar, ya dubi hagu da dama.

"Allah sarki. Kwananta ne ya ƙare. Ki binne ta da zurfi, kar wani baƙo ya zo ya tono." Ya sa burushi cikin fenti. "Kar ki damu, baɗi iska za ta kawo wata. Ke dai ki riƙa zagawa, kin ji? Kina da hannu."

Salbiah ta ajiye gwangwanin kusa da gawar. Sauran busassun ƙwarin da ke ciki suka yi kwaras. Burushin Pak ya tsaya. Wak Dolah ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskarta, ya rufe.

Jini na ɗiga daga yatsanta kan yashi. Muryarta ta fito siririya, amma ba ta yi rawa ba.

"Pak, ranar da ka aike ni Pulu Panjang, da ta sauko hannunka, gwangwanina ka kaɗa mata?"